Ire-iren 'Yan Ces da Yadda Suke Buɗe Wasa

A gasar ces ta 'yan sha'awa, motsin farko-farko ya isa a gane halin ɗan wasa. Masu zama gaban allon sun kasu kashi biyar.

Na farko shi ne mai gaggawa. Tun motsi na biyu yake fito da sarauniya, ya haɗa ta da bishof su nufi gidan f7, wai zai gama wasa a motsi huɗu. Idan dabarar ta ci tura, sai sarauniyar ta shiga gudun ceton rai, dawakin abokin karawa na biye da ita.

Na biyu mahaddaci ne. Ya haddace motsi ashirin na tsarin Najdorf, saboda manyan 'yan wasa irin su Fischer da Kasparov sun yi suna da shi. Matsalarsa ɗaya ce: abokin karawarsa bai karanta littafin ba. Da an kauce hanya a motsi na shida, sai ya yi tagumi kamar ɗalibin da aka canza wa tambayar jarrabawa.

Na uku mai kyauta ne. Yana ba da soja a gidan f4 tun motsi na biyu. Gwarzonsa shi ne Anderssen, wanda a Landan a 1851 ya sadaukar da hasumiya biyu da bishof da sarauniya, kuma ya doke Kieseritzky. Shi ma yakan sadaukar da su duka, nasarar ce dai ba ta zuwa.

Na huɗu ma'abocin tsarin Landan ne, wanda ya samo suna daga gasar da aka yi a Landan a 1922. Kullum jeri ɗaya yake yi, ko me abokin karawa ya taka. Ba ya tsokana, ba ya ramuwa, canjaras ma riba ce a wurinsa.

Na biyar ɗan bazata ne, mai fara wasa da g4, buɗin da ke ɗauke da sunan Henri Grob na Suwizalan. In ya ci, gwaninta ce. In an cinye shi, da ma gwaji yake yi.

Duk da wannan bambanci, ba kasafai buɗi ke yanke hukunci a wasan 'yan sha'awa ba. Yawanci wasa kan ƙare ne sa'ad da lokaci ya ƙure, wani ya manta dokinsa ba kariya. Bayan an tashi kuwa, dukkan biyar ɗin sukan rantse cewa su ne ke kan gaba kafin wannan kuskure ɗaya.