Leƙa Littafin Jagorarka Kafin Duniya Ta Leƙa Maka

Mai girki ba ta kai wa baƙi miya sai ta ɗanɗana gishirinta. To kai ma, in ka gyara littafin jagorar manhaja, fara duba shi a kwamfutarka, kada mutanen Indiya da Jamus su riga ka ganin hoton da ya ƙi fitowa. In da MkDocs aka gina shi, ga hanya.

1. Kwaso aikin da `git clone`, ka karanta README har ƙasa. Wanda ya rubuta shi ya riga ka shan wahalar, kyauta yake ba ka labari.

2. Keɓe wa aikin wurinsa: `python -m venv .venv`, sannan `source .venv/bin/activate` in Linux ko Mac gare ka. In ka tsallake nan, kayan ayyukanka za su cakuɗe, wata manhajar da ba ta ji ba ba ta gani ba ta kwanta ciwo.

3. Buga `pip install -r requirements.txt`. Nan data take tafiya, saboda haka a tabbata akwai ta, batir kuma a cike. Rubutu zai yi ta gudu a allo. Riƙa gyaɗa kai, 'yan ofis su san aiki ya yi zafi.

4. Buga `mkdocs serve`, ka buɗe 127.0.0.1:8000. Duk gyaran da ka adana, shafin zai sabunta kansa. Amma don Allah kada murna ta sa ka tura wa oga wannan adireshi ta WhatsApp. Kowace na'ura kanta take nufi da 127.0.0.1, wayarsa za ta nemi kanta, ta rasa komai, shi kuma ya neme ka.

5. In `mkdocs serve` ya ce adireshin na hannun wani, kada ka zargi maƙiya. Wancan da ka kunna da safe ne bai mutu ba. Koma tagarsa ka danna Ctrl+C.

6. A cikin `mkdocs.yml`, tura layi ciki da tazara kawai. YAML da maɓallin Tab ba sa ga maciji.

7. Kafin ka tura, buga `mkdocs build --strict`. Zai mai da kowane gargaɗi laifi, ya tona asirin mahaɗin da ke nuna shafin da babu shi.

Wani ɗalibi zai buɗe littafin nan da tsakar dare, aikinsa ya cije, ba shi da wanda zai tambaya. Mintocin da ka kashe kana dubawa su ne za su fitar da shi.