Zaren da Ya Biyo Ni Ranar Suna

Jiya aka yi sunan ɗiyar ƙanwar maigidana, har yanzu ban kunna waya ba.

Shawul na saƙa wa jaririyar da kwarashi, saƙar nan mai furanni da ake kira jasmin, a YouTube na koya. Kowane kunnen fure sai kin naɗa zare kin zaƙulo, kin naɗa kin zaƙulo, har bakin kwarashi ya cika, sannan ki ratsa su duka da ja ɗaya. Kunne shida ke ba da fure guda. Ga cin zare. Ulun da na saya a Sabon Gari ya ƙare, na koma aka ba ni wani ruwan hodan da ko gaisawa ba ya yi da na farko. Layin ƙarshe a adaidaita sahu na gama shi, na zare kwarashi, na cusa ragowar zaren a jaka, na ja zif. Ba ɗauri, ba yanka.

Falo cike da dangin miji. Hajiya ta karɓa, ta miƙe, ta ware shi da hannu biyu. "Ku gani, matar babban yaya ce ta saƙa da hannunta." Aka rangaɗa guɗa. Sai aka ce in ɗauko kular waina a tsakar gida. Na rataya jaka na fita ina yanga.

Zif ya cije zaren.

Sai da na kai bakin rijiya wani yaro ya ce, "Anti, zarenki na bin ki." Na juya. Hajiya na nan tsaye, hannuwa a ware, murmushin bai gama sauka ba, furanni na ɓacewa a gabanta ɗaya bayan ɗaya, fut, fut, kamar ana tsige kaza. Ni kuma, da nake da digiri, sai na kama zaren na shiga naɗewa a hannu wai in tattara. Ina naɗewa, layi guda ya tafi. Hajiya ta kalli shawul, ta kalle ni, ta sake kallon shawul. Ba ta sauke hannu ba. Da ma ta sauke.

Nan Gwaggo ta karɓi ragama. "Kada wadda ta tsallaka zaren nan, yarinyar ba za ta yi tsawo ba!" Mata masu faranti suka yi cirko-cirko, wata mai goyo ta durƙusa ta bi ta ƙasa. Gwaggo ta gyara zama ta ce laifin ulun zamani ne, na da sai an sa wuƙa. Ta ce gobe in jiƙa shi a ruwan kanwa ya yi hankali. Sannan ta ɗaga murya:

"Ke 'yar nan, saki zaren. Da gaba kika warware shi, ai sai ki dawo da baya-baya ya koma yadda yake."

Na dawo da baya-baya. Tun daga rijiya har falo, da kular waina a hannu.