Yadda Ake Kama Yoyon Famfo a Ƙasar da Komai Yake Jiƙe

Gano yoyon bututun ruwa aiki ne mai sauƙi a busasshiyar ƙasa. A Kano ko Damagaram, inda ruwan sama na shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, idan aka ga bango ya jiƙe a watan Maris, ko dai bututu ya fashe ko yaro ya yi aika-aika. A Fatakwal kuwa ruwan shekara ya haura milimita 2,000, a Duwala ya haura 3,000, Legas ma ba ta rabuwa da laima. Can tawul ba ya bushewa, gishiri yana narkewa a mazubinsa, ashana tana yajin aiki. A irin wannan ƙasa danshi ba hujja ba ne, don haka ƙa'idar farko ita ce a ɓoye guduma har sai an kammala bincike.

Waɗanda ake tuhuma

Ruwa ba ya tsami banza, kuma masu jiƙa bango biyar ne. Rufi yana zubo tabonsa daga sama bayan an yi ruwa, ya dushe idan sama ta yi shiru. Ƙasa tana turo danshi daga tushen gini, bai cika wuce tsayin mita ɗaya ba, kuma yana barin farin gishiri da kumburarren fenti. Na uku shi ne na'urar sanyaya ɗaki, musamman ta maƙwabcin sama, wanda zai rantse bai kunna ta ba tun bara. Na huɗu iska ce: idan mai ɗumi ce kuma cike da laima, da ta taɓa abu mai sanyi sai ta ajiye masa raɓa, shi ya sa lafiyayyen bututu ke zufa. Na biyar shi ne bututun da ya fashe da gaske, wanda ba ruwansa da rani ko damina, tabonsa yana nan kullum kusa da banɗaki ko kicin.

Ana raba gardamar iska da bango da 'yar leda. A manna ta a wurin da salatef ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta kwanta a bayanta, laifin iska ne, maganinsa buɗe taga da fanka. Idan cikinta ne ya jiƙe, ruwan daga bango yake fitowa.

Gwajin mita da tanki

Gidan da ke da mita, a rufe duk famfunansa, a rubuta lambar, a dawo bayan awa biyu. In lambar ta motsa, akwai yoyo. Yawancin gidajen Legas kuwa da rijiyar burtsatse da tankin sama suke rayuwa, don haka sai a kashe injin jan ruwa da dare, a shata matakin ruwan tanki da alli, a duba da asuba. Wahalar wannan gwaji ba ta kimiyya ba ce. A kowane gida akwai wanda zai ɗebi «ɗan kaɗan kawai» da tsakar dare, ya wayi gari yana taya kowa mamaki.

Tankin masai gwani ne wajen satar ruwa ba hayaniya. A zuba masa abu mai launi, ruwan zoɓo ma ya wadatar, a jira minti talatin ba a kora ba. Idan launin ya bayyana a kwanon masai, robar da ke toshe gindin tankin ta mutu. Mahaɗar bututu kuma a goge ta ta bushe, a naɗa mata takardar tishu: zufa tana jiƙa bututu ko'ina, yoyo yana farawa daga wuri guda. Wanda ke cikin bango ana sauraronsa ne ta hanyar ɗora bakin sukudireba a kan bututu, a kara kunne a ƙotarsa. Wannan yana buƙatar shiru, wato lokacin da janaretocin unguwa suka mutu gaba ɗaya, abin da masu haƙuri kaɗai ke riska.

Gyara

Kafin a taɓa komai a rufe ruwa daga tanki, kuma idan danshin yana kusa da soket a kashe wutar gidan daga babban makunni. Wannan jimla ba raha a cikinta.

Kan famfo mai ɗigo yawanci 'yar robar cikinsa ce ta cinye. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 10,000 a shekara, wato jarka 400 ta mai ruwa, saboda robar da ba ta kai kuɗin jarka biyu ba. Mahaɗa mai zare ana kwance ta da sifana, a naɗa farin tef ta inda zaren ke tafiya, a mayar a ɗaure daidai. Ƙarfin tuwo a nan tsaga mahaɗar yake yi. Bututun roba na PVC ana yanke inda ya fashe, a busar, a goge da samfefa, a shafa gam ciki da waje, a cusa a sabuwar mahaɗa, a ɗan murɗa, a riƙe daƙiƙa talatin, a jira iyakar lokacin da aka rubuta a gwangwani. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu ko an yi masa magiya. Bututun ƙarfe da iskar gishirin teku ta cinye da tsatsa kuwa ba a lallashinsa, sauya shi ake yi.

Akwai kuma gyaran gargajiya guda biyu: naɗa robar tubun babur da ajiye bokiti. Ana kiransu na wucin gadi, wanda a gidan haya yake nufin har jikoki su gada.

Bango da mai gyaran famfo

Idan bincike ya tabbatar da bututun cikin bango, a kira mai gyaran famfo, a nuna masa wurin, a yi ciniki kafin ya ɗaga guduma, domin farashi yana girma daidai da faɗin ramin. Mai gidan haya zai ce damina ce, ya aiko mai fenti. Sai a gabatar masa da ledar da shatar allin.

Bayan gyara a bar ramin a buɗe, a saki ruwa a tabbatar ɗigon ya tsaya, a kunna fanka har bangon ya bushe. Funfuna tana iya kama wuri mai danshi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma tana tayar da tari da asma, don haka a kankare ta a wanke wurin kafin a yi filasta. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma wanda aka shafa a jiƙaƙƙen bango yakan ɓare kafin mai fentin ya gama cin kuɗinsa.