Ɗabaƙoƙin Masu Jingar Lissafi

Duk malamin da ya jima yana ba yara jingar lissafi ranar Juma'a yana karɓa ranar Litinin, ko da bai taɓa karanta ilmin firasa ba, ya san cewa tambaya guda, idan ta kwana a gidaje arba'in, hali arba'in take komowa da shi, amsa kuwa sai abin da Allah ya hukunta.

Mafi rinjayensu marawaita ne. Shi marawaici ba ya bidi'a, ba ya ijtihadi. Da sassafe yake isa makaranta, ya raɓe bayan aji, ya ɗauko daga wane, wanda shi ma ya ɗauko daga wane, bisa amanar da ba ta barin ko ɗigon tawada. Saboda haka idan shaihin da aka faro daga gare shi ya ce bakwai sau takwas 54 ne, malam zai tarar da 54 a littafi goma sha biyu, isnadi bai yanke ba, matanin ne dai maudu'i. Har an sha ganin wanda tsantseni ya kai shi ga kwafe sunan mai littafin.

Akwai kuma wanda ya gano cewa amsoshi suna ƙarshen littafi. Wannan hukunci yake fara yankewa sannan ya nemo shaidu, ya tara, ya ɗebe, ya raba abin da ba ya rabuwa, har dai adadin ya sallama.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ɗaukar tambaya labari. An ce masa famfo yana cika tanki cikin awa 3, huda tana zubar da shi cikin awa 6, yaushe tankin zai cika? Maimakon ya cire sudusi daga sulusi ya ga saura sudusi, watau awa 6, sai ya tallafe haɓa yana mamakin mai gidan da ya ga ruwa yana zuba bai kira mai walda ba, alhali almubazzaranci haramun ne. Ni dai ban ga laifinsa ba, illa dai masu gyara takardun jarrabawa ba sa ba da maki a kan hankali irin wannan.

Na handasa kuwa kaya ne da shi: kamfas, rula, ma'aunin kusurwa, fensir uku, kowanne an fiƙe shi sau biyu. Bayan la'asar yake fara shiri, magariba ta same shi ya zana alwatika mai ban sha'awa, ya auna kusurwoyinta ya samu digiri 183. Da aka tunatar da shi cewa tun zamanin Uƙlidisu na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, an tabbatar da hujja cewa 180 ne, sai ya ce watakila rular marigayin ce ta karkace.

Amma babbar ɗabaƙa ta iyaye ce. Ga dattijo masanin fara'ili, wanda idan aka ce mutum ya rasu ya bar mata da ɗa da ɗiya da shanu 24, kafin a rufe baki ya fitar wa matar tumuninta 3, ya ba ɗiya 7, ɗa 14, bai taɓa alƙalami ba. Ɗansa ya durƙusa ya ce, “Baba, an ce 3x + 3 = 24, wai mu nemo x.” Nan take tsoho zai murtuke fuska, ya ce, “Kai yaro, tashi ka ba ni wuri, ni ban san karatun Nasara ba,” alhali mas'alar da ya warware jiya a zaure ita ce wannan, ɗiyar ce kawai ta ɓuya bayan harafi. Ka kuwa gaya masa cewa Alhawarizmi a Bagadaza ya wallafa littafin Aljabru wal Muƙabala a zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, kuma kashi babba na littafin a kan wasiyya da gado yake, sai ya gyara zama, ya yi wa shaihin addu'ar rahama mai tsawo, sannan ya ce wa yaron ya je ya tambayi yayansa.