Madubin Bindigar da Na Saya a Wiskonsin

Duk wanda Allah ya nufa da zama a jihar Wiskonsin ta arewacin Amurka ya san cewa idan watan Nuwamba ya raba tsakiya, akwai wani irin zazzaɓi da ke kama mazajen ƙasar, wanda ba a samun maganinsa a wurin likita sai a daji. Dalili kuwa, hukuma ta keɓe kwana tara a shekara, farawa daga Asabar ɗin da ke gabanin idinsu na godiya, ta halatta wa mai lasisi ya ɗauki bindiga ya harbi barewar nan tasu mai farar wutsiya. Sai ka ga mutum wajen rabin miliyan, attajiri da lebura, kowa sanye da riga mai launi mai ƙyalli wadda doka ta wajabta, galibi ruwan lemo, don kada wani ya ɗauki ɗan'uwansa a kan barewa, sun bar gida da ofis sun tasam ma kurmi.

Ni ba ni cikin waɗanda zazzaɓin ke kamawa, sai da bakina ya jawo mini. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne mai kirki, ya yi ritaya, ba shi da zance sai na farauta. Ran nan muna hira a bakin shinge, don kada a ga kamar mu ba mu gaji kome ba, na ba shi labarin kakana, wanda ya yi zamaninsa yana maharbi a wajajen dajin Falgore da adaka da albarushi a ƙaho, har na ƙara masa da cewa a wurinmu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ban ga wajabcin ambatawa ba shi ne, ni kaina iyakar makamin da na taɓa riƙewa danƙon harbin tsuntsu ne. Dattijo ya yi murna matuƙa, ya ce bana da ni za a shiga daji, zai ara mini bindigarsa ta biyu mai cin harsashin .30-06, irin wanda sojan Amurka suka soma aiki da shi a 1906, amma fa ba ta da madubi, sai in sayi nawa.

Kafin in ɗaga ƙafa sai da na koma ga Risala ta Ibn Abi Zaid, na tarar farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal. Saboda haka na gyara niyya, na ƙudurta cewa nama zan nemo wa iyali. Na shiga ajin koyon ladubban bindiga da suke tilasta wa duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau, na ci jarrabawa, na yanki lasisi. Dattijo kuma ya yi mini wasiyya a taƙaice: in sayi madubi mai lamba 3-9x40, wato mai kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gabansa kuma faɗinsa milimita 40, in bar shi a kan 3, domin kurmin da za mu yana da duhuwa, galibin barewar da ake samu a cikinsa ba ta kai nisan yadi 100 ba.

Na shiga kantin da wannan wasiyya rubuce a takarda, na tarar da wani saurayi mai zaƙin baki a bayan teburin gilashi, madubai jere a gabansa, daga na talakawa har zuwa na Zeiss da Swarovski waɗanda ake kallo da hannu a baya. Ya miƙo mini irin wanda aka yi mini wasiyya da shi, na duba, na ga lalle ba shi da aibi, illa dai ɗan gajere ne, ba shi da kwarjini. Can gefe kuwa ga wani dogo, baƙi, mai maɓallai uku manya, an rubuta 6-24x50 a jikinsa. Saurayin ya ce wannan na masu harbin nesa ne a filayen yamma, inda mutum kan hangi dabba daga wannan tudu zuwa wancan, ya kuma ce da ni, bisa gaskiya da amana, ya fi ƙarfin bukatata. To, wannan kalma ita ta ɓata lamarin. Na leƙa cikinsa ta taga, na karanta lambar wata mota da ke can ƙarshen fili har da ƙurar da ke kanta. Na tuna cewa ilmin gani kansa namu ne, tun da Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, shi ya wallafa Kitabul Manaziri ya tabbatar da cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Na ga bai kamata magajin irin wannan malami, jikan maharbi kuma, ya tsaya a kan ninki 9 alhali ga 24 ba. Na yi ƙiyasi irin na ɗalibai, cewa idan kusantowa alheri ce to yawanta yawan alheri ne, na ce araha ba ta ado, na biya.

Uwargida ta dubi rasit, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan kuɗi ai ya sayi ragon layya uku da canji. Barewar da zinariya aka yi ta?" Na ce mata sha'anin maza ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ba ta bukatar tafsiri.

Dattijo da ya ga madubin bai ce uffan ba, ya dai daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ɗaura mini shi, muka tafi filin gwaji domin a daidaita saiti a kan yadi 100. A nan ne na fahimci wata mas'ala da ba a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba. Kowane madubi yana da tazarar da ake bari tsakaninsa da ido, kimanin inci 3 zuwa 4, domin bindiga idan ta tashi takan yi shuri da baya. Kuma gwargwadon yadda ka ƙara ninki, gwargwadon yadda hasken da ke fitowa zuwa ido ke tsukewa, ta yadda gilashi mai milimita 50 a kan ninki 24 ba ya ba ka sai ɗigon haske na milimita 2 da 'yan kai, in ka karkata kaɗan duniya ta yi baƙi. Ni kuwa, da yake kuɗin 24 na biya, ban ga hujjar da za ta sa in zauna a kan 6 ba. Na murɗa shi har ƙarshe, na dinga matso da fuska ina neman ɗigon nan, ina matsowa, har na same shi, na yi bisimilla na ja kunama.

Abin da ya biyo baya dattijo ne ya ba ni labarinsa, domin ni taurari kawai na gani da rana tsaka. Bakin madubin ya zauna mini a gira ya zana rabin da'ira, jini ya wanke mini fuska, aka kai ni aka yi ɗinki. Ma'aikaciyar da ta ɗinke ni ba ta ko tambayi sababi ba, sai cewa ta yi, "Sabon madubi ne?" Takardar da na auna kuwa, aka je aka dubo ta lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ranar buɗe farauta muka fita tun kafin asuba ta yi sosai, cikin sanyin da ke sa mutum ya tuna da zamharira. Dattijo ya kai ni gindin wata bishiya da aka kafa wa kujera a sama, ya ɗaure ni da ɗamarar tsaro, ya murɗa madubina zuwa 6 da hannunsa, ya roƙe ni don girman Allah in bar shi haka, ya wuce nasa wurin da tsohon madubinsa mai ninki 4 wanda ya girmi 'ya'yansa. Na yi haƙuri iyakar ƙoƙarina. Amma zaman bishiya yana da tsawo, ga kuma wani kurege a can nesa yana cin wani abu da na so in san ko mene ne. Na murɗa zuwa 24, na tabbatar ƙwallon itace ne, na ji daɗin kuɗina.

Ina cikin wannan bincike sai na ji ƙaras a ƙasa. Na sauke ido, sai ga namijin barewa, ƙato, ƙahoni sun yi rassa, yana tsaye bai fi yadi 20 daga gindin bishiyata ba, ya ba ni haƙarƙari kamar an aiko shi. Zuciyata ta hau duka. Na ɗaga bindiga a hankali, na ajiye fuska nesa da madubin saboda girata ta riga ta yi karatu, na leƙa. Jama'a, madubin da ke nuna maka faɗin ƙafa 4 ko 5 kacal a nisan yadi 100, a yadi 20 abin da zai nuna maka bai cika ƙafa guda ba, shi ma a dushe. Na zama kamar mai neman ɗansa a kasuwar Kurmi ta kafar makulli. Na ga ganye, na ga ɓawon itace, na ga dusar ƙanƙara, daga bisani na ga wani abu ja-ja mai gashi ya cika madubin, amma ko kafaɗa ce, ko ciki, ko cinya, Allah shi ne masani. Na yi bisimilla, gashin ya gushe. Na sake nemo shi na sake bisimilla, har na soma tunanin ko ta farko ta isar ko sai an sabunta. Na ɗago kai in duba da idon da Allah ya ba ni, na saki numfashin da na daɗe ina riƙewa, ya sauka a kan gilashi mai sanyi, ya rufe shi da hazo fari fat. Barewa ta ɗaga kai ta dube ni, ta yi tsaki ta hanci, ta ɗaga farar wutsiyar nan, ta bi ta inda dattijo yake. Ba a jima ba na ji ƙara ɗaya tak.

Nan take ilmi ya motsa: a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya an sharɗanta maharbi ya zama Musulmi kafin a ci abin da ya kashe, sai fa idan an riski dabbar da rai an yanka. Na zaro wuƙa na yunƙura in sauka, na manta da ɗamarar tsaro, ta riƙe ni a tsakanin sama da ƙasa ina wutsil-wutsil. Kafin in warware kaina in isa, rai ya yi halinsa. Dattijo, saboda karamci, ya aiko mana da cinya guda da yamma, muka yi godiya, muka miƙa ta ga maƙwabtan da ke ɗaya gefen. Uwargida ta dafa wake.

Madubin yana nan a kwalinsa, da takardunsa, harsashi ɗaya kaɗai aka taɓa harbawa a ƙarƙashinsa, tabon da ke bakinsa ma na goge shi sarai. Idan a cikin masu karatu akwai wanda zai yi farauta a filayen yamma, ko mai sha'awar duban wata ran 29 ga Sha'aban, to ya neme ni, zan yi masa ragi.