Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya

Masu son kayan sauti na gida suna da wata ɗabi'a: da zarar sauti ya ɓaci, abin da ya fi tsada suke fara zargi. Mutum ya ji lasifika na gunji, sai ya rantse amfilifaya ta mutu, ya shiga lissafin kuɗin sabuwa. Alhali sau tari gunjin na wutar gida ne, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ya samu ƙofa don ba a ɗaure siririyar wayar ƙasa ta na'urar faifai ba.

Wani kuma kukansa shi ne amon ganga ya ɓace. Leƙa bayan lasifika ɗaya: jar waya a baƙin rami, baƙa a ja. Wannan lasifika na tura iska, ɗayar na janyewa, sai su cinye juna. Aikin minti ɗaya ne, amma an riga an biya mai gyara kuɗin mota.

Wajen haɗa kaya kuwa, ƙwarya ta bi ƙwarya. Lasifika biyu masu om 8, in aka jona su a baki ɗaya, sun koma om 4, amfilifayar da ba ta da ƙarfin ɗauka ta yi ta zafi har ta kashe kanta. Ƙaramar amfilifaya ma ba ta da tausayi: murɗe ta har ƙarshe, ta ƙone maka 'yar lasifikar sama.

Sai dai kada ka wahalar da bakinka wajen yi wa maigida bayani. Ya riga ya sayo waya mai bakin zinare, kuma ya ce yana jin bambanci. Uwargida ma ta ji, a kuɗin cefane.