Ni da Tsohon Ragon Kebbe

Duk wanda ya yi firamare a hannuna a Tambuwal ya san ni da abu biyu: saurin fushi da saurin lissafi. Kafin mai shago ya gama latsa kalkuleta na faɗa masa canjina. A kasuwar dabbobi kuwa, dillali in ya hango ni sai ya shiga salati, domin in an ce ashirin zan taya takwas, ko ƙifta ido babu.

Wancan mutumin ya tafi bai yi mini sallama ba. Sai da layyar bara ta matso na gane wani dattijo mai sanyin hali ne ke yawo cikin rigarsa.

Uwargida ta ce a aiki babban ɗanmu sayen rago. Na ce, "Ni da nike sayen rago tun ba a haihe shi ba?" Na hau mota sai Kebbe, inda aka ce dabba ta fi sauƙi. Ina sa ƙafa a kara wani dillali ya zube ƙasa. "Baba Malam! Ba ka gane ni ba? Kai ka koya muna lissahi!" Ban gane shi ba. Amma wanda ya shekara talatin da alli a hannu, wa zai ƙaryata? Har shekarar da ya yi ajina ya faɗa, na gyaɗa kai. Nan da nan aka shimfiɗa mini buzu, aka dama fura, aka jawo wani balami fari mai ƙaho a murɗe.

A yi mini adalci, na buɗe bakin ragon. Wannan ilimi bai bar ni ba. Haƙoran gaba takwas ne, duk a ƙasa, kuma rago kan cika baki ne wajen shekara huɗu. Daga nan sai su fara cinyewa, su yi giɓi, su zube. Na wannan uku suka rage, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar 'yan uba wurin rabon gado. Na gani, na kuma fahimta. Sai ragon ya ɗago ya dube ni, harshena ya kai kan gurbin turamena biyu da aka cire, tausayi ya kama ni. Wa zai saye shi in ban saye shi ba?

Sauran aikin dillali ya ƙarasa da baki. Kuɗin rago, la'ada, kuɗin igiya, na mota, cajin mai POS, ragin da ya ce ya yi mini "don albarkar karatu", duk a numfashi ɗaya. Ina kan haɗa na farko da na biyu ya kai na shida. Kunya ta hana tsohon malamin lissafi cewa a maimaita. Aka cire N280,000, har ni ke godiya. Sai da muka kusa Tambuwal lissafin ya kammala a kaina, ya zo da rakiya: a shekarar da yaron ya ambata, ni kaina ina makarantar horon malamai, ban fara koyarwa ba.

Masana sun riga ni zuwa kasuwar nan. Tun 1943 Raymond Cattell ya raba basira gida biyu. Akwai ta saurin juya sabon abu a ƙwaƙwalwa, wadda ke fara ja da baya tun mutum yana da sauran ƙuruciya, da kuma ta tarin sani, wadda ke nan daram har tsufa. Ta biyun ce ta buɗe bakin rago, ta farkon ce ta kwanta gaban mai POS. A 2009 wasu masana tattalin arziki a Amurka, cikinsu da David Laibson na Jami'ar Harvard, suka bi kurakuran mutane a harkar bashi da katin banki, suka ga kuskure ya fi ƙaranci wajen shekara 53. Na cika 53 a 2011, shekarar da Aminu Waziri Tambuwal ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Gari na ta shagali, ashe ni ina ƙololuwar hankalina, ba wanda ya sanar da ni in yi sayayyar da ta kamata.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne binciken 2012 na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. An nuna wa matasa da tsofaffi hotunan fuskoki. Fuskar da matasa suka ce ba ta da amana, tsofaffi suka ga ba laifi, kuma wani sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji jikinsa bai ba shi ba, bai motsa sosai a wurinsu ba. Na ce ya ƙona mini rai, amma ƙarya nake, kuma nan ne abin mamakin. Na lalubi fushi ban samu ba. Da can, a daren zan koma Kebbe ko a ƙafa. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta ce idan mutum ya fara ganin sauran kwanansa ba yawa, yakan fifita kwanciyar rai, ya riƙe mai daɗi ya saki mai ɗaci. Ni dai furar nake tunawa. Ta ji nono.

Uwargida ba ta karanta Carstensen ba. Ta zagaya ragon, ta leƙa bakinsa, ta ce, "Malam, wanga layya za a yi da shi ko jinya?" Na garzaya wurin liman, ya ce a mazhabar Malikiyya haƙorin da tsufa ya zubar ba ya ɓata layya. Na dawo da fatawa ina taƙama. Naman kuwa ya wuni a wuta, jikoki suka tauna suka gaji, ni aka miƙo mini romo.

Bana an yanke hukunci a gida: yaro zai riƙe kuɗi, ni in duba haƙori, kuma an hana ni haɗa ido da rago. Shekaranjiya dillalin ya bugo waya yana gaishe da Malaminsa, wai akwai wani uda da ya ajiye mini. Na ce masa kuɗi ba su hannuna. Ya ce ba komai, tsakanin ɗalibi da malami ai akwai bashi.